Shin Ko Kun San? Karyar da Aka Mayar Sau Biyar

Shin ko kun san cewa a ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Jamus akwai gidaje sukutum, da ma'aikatansu da likitocinsu da motocinsu, waɗanda ba su da wani aiki sai karɓar karnukan da masu su suka gaji da su, ko waɗanda aka tsinto suna gararamba a titi? A yi wa kare wanka, a cire masa kaska da ƙuma, a yi masa allura, a ajiye shi har Allah Ya kawo mai so. Wanda ya zo ɗauka kuma ba ya cewa saye ya zo yi. Riƙo suke kiran abin, da kalmar nan dai da suke faɗa idan mutum ya karɓi riƙon yaro.

Ko kun san ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a irin waɗannan gidaje wata mata ce ta kafa shi? Sunanta Mary Tealby. A 1860 ta buɗe shi a unguwar Holloway da ke arewacin Landan, don karnukan da suka ɓata da waɗanda yunwa ta ci. Jaridar The Times ta yi mata dariya, tana cewa ga mutane nan suna kwana a titi amma an koma gina wa karnuka masauki. Na san da yawanmu abin da za mu faɗa ke nan, kuma maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Marubuci Charles Dickens ne ya tsaya mata a mujallarsa a 1862. Ta rasu a 1865, ba ta ga ranar da gidan ya koma unguwar Battersea a 1871 ba, inda yake har gobe. A 1883 aka fara karɓar kyanwoyi. Magen nan Larry da ke sintiri a ƙofar gidan Firaministan Birtaniya tun 2011, daga can aka ɗauko shi, kuma ya ga tashin firaministoci da faɗuwarsu yana nan kwance yana lasar ƙafa.

Kun san kuwa yadda birnin New York ke yi da karnukan titi a wajajen 1877? Cusa su ake yi a wani ƙaton kejin ƙarfe, a zura shi cikin kogin East River har su daina motsi. Masu kamun kuma kan kowane kai ake biyan su, saboda haka har karen da ke da mai shi bai tsira ba. Sai a 1894 aka miƙa aikin ga ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta ASPCA wadda Henry Bergh ya kafa a 1866. Gidan farko na irin wannan riƙo a Amurka kuwa mata ne suka buɗe shi a Philadelphia a 1869, a ƙarƙashin jagorancin Caroline Earle White.

A shekarun 1970 an kiyasta cewa karnuka da kyanwoyi sama da miliyan 12 ake kashewa duk shekara a gidajen dabbobi na Amurka don babu wurin sa su. Yau adadin bai kai miliyan 1 ba. Fiɗiye dabbobi don rage haihuwa da kwaɗaita wa mutane ɗaukar riƙo, su ne suka yi wannan aiki.

To, wane irin kare ne ya fi cika waɗannan gidaje? Za ku ce tsoho ne, ko gurgu, ko mai ciwo. A'a. Wani bincike da aka yi a gidajen dabbobi 12 na Amurka, aka buga a 1998, ya gano cewa kusan rabin karnukan da masu su suka kawo da hannunsu suna tsakanin wata 5 ne da shekara 3. Samari ke nan da 'yan mata, lafiyayyu, jini na tafasa. Laifinsu? Tsalle a jikin baƙi, jan igiya kamar za su cire wa mutum kafaɗa, tauna takalmi, haƙa rami a tsakar gida, haushi ba dare ba rana. Ƙiriniya dai. An sayo kwikwiyo ɗan dugwi-dugwi mai ban sha'awa, bayan wata shida aka wayi gari da ingarma a falo.

Shin ko kun san kare ma yana tashen balaga, har da taurin kan da ke zuwa da shi? Dakta Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila da abokan aikinta sun gwada wannan, suka buga sakamakon a 2020. Sun bi karnukan da ake raino don su zama 'yan jagorar makafi. Karen da yake wata 5, in mai rainonsa ya ce ya zauna, nan take ya zauna. Da suka kai wata 8, sai suka fara kunnen uwar shegu da umarnin. Abin dariyar shi ne, in baƙo ne ya ba da umarnin, sai su bi salin-alin. Duk uwar da ta raini ɗan shekara goma sha huɗu ta san wannan hali: a waje yaron kirki, a gida kuwa sai addu'a. Da karnukan suka kai shekara guda, abin ya lafa da kansa. Ke nan mutane da yawa suna rabuwa da karensu ne ana saura ƙiris ya yi hankali.

Kwikwiyo yana da haƙora 28. Yakan fara famfara wajen wata 4, kafin ya cika wata 7 ya jera manya 42. Mu mutane 32 gare mu. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, kuma ba shi da abin susa sai ƙafar kujerarku.

Kun san abin wasan taunar nan na roba mai suna Kong, da ake sayarwa a duk duniya, kare ne sanadinsa? Wani bakanike ne a Denver, Joe Markham, karensa Fritz ya addabe shi da taunar duwatsu har haƙoransa suka fara lalacewa. Wata rana yana gyaran wata bas ƙirar Volkswagen, ya cire wata roba daga ƙarƙashinta ya jefar, karen ya cafe, bai sake komawa kan dutse ba. A 1976 aka fara sayar da kwaikwayon robar. Ana cusa abinci a cikinta, kare ya yi rabin awa yana fama, mai gida ya samu ya sha shayi.

Ga wani abin da masu sabon riƙo kan yi mamaki. Haka kawai, yawanci bayan wanka ko da yamma, kare zai maƙale bindi ya zuba da gudu, ya kewaye ɗaki sau goma kamar wanda aljanu suka hau, sannan ya zube yana haki. Ba hauka ba ne, ba kuma ciwo ba. Kuzarin da ya taru ne yake zazzagewa. Ƙaramin kwikwiyo kuma yakan yi barcin awa 18 zuwa 20 a rana, kuma sau da yawa wanda ya fi fitina da cizon hannu da daddare, barci ne bai ishe shi ba, kamar jaririn da ya sha hannu a gidan suna.

Shin ko kun san fim yakan cika gidajen nan da karnuka? Bayan fitowar fim ɗin 101 Dalmatians a 1996, yara suka tasa iyaye a gaba sai an saya musu farin karen nan mai ɗigo-ɗigon baƙi. Abin da fim bai faɗa ba shi ne, asalin aikin wannan kare gudu ne a gefen keken doki, zango bayan zango. Kafin shekara ta zagayo gidajen dabbobi a Amurka sun fara kukan yawan waɗanda ake kawo musu. Haka aka maimaita da shirin Game of Thrones, mutane suka ruɗe da karnukan haski saboda kamarsu da kyarkeci, har ɗan wasan shirin Peter Dinklage ya fito a 2017 yana roƙon masoya su daina saye don sha'awa. Haski fa kare ne da mutanen Chukchi na Saibiriya suka raina don jan keken ƙanƙara. A 1925, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome na Alaska, irinsu ne suka yi karɓa-karɓa da magani tsawon kilomita sama da 1,000, wani mai suna Togo ya ja tawagarsa fiye da kilomita 400. Jikan wannan ne za ka kulle a ɗaki ciki da falo ka tafi ofis, ka dawo kana salati don ya yage katifa?

Abin da zai ba ku dariya kuma: karen da ya fi kowane kare gudu, wato girehawun mai yin kusan kilomita 70 a awa, yana cikin mafiya son jiki. In ya yi tsere na 'yan daƙiƙoƙi, sauran yinin barci ne. Da masu zaɓe a jihar Florida suka ƙuri'anci haramta tseren karnuka a 2018, aka rufe filaye zuwa ƙarshen 2020, ƙungiyoyin riƙo suka yi ta nema musu gidaje, kuma tsofaffi da mazauna bene suna cikin waɗanda suka fi jin daɗinsu.

Ko kun san sunan jinsin da ake rubutawa a ƙofar keji yawanci cinta ne kawai? Ma'aikaci zai dubi kunne da launi da girman kai, ya rubuta abin da ya zo masa. Lisa Gunter da abokanta a Jami'ar Jihar Arizona sun gwada ƙwayoyin halittar karnuka sama da 900 a gidaje biyu, a Phoenix da San Diego, suka buga a 2018. Kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai tsantsar jinsi ɗaya. Sauran duk ruwa biyu ne, ruwa uku, wani ma fiye. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, a kan karnuka sama da 18,000, ya ce jinsi yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Jinsi yakan nuna maka inda aka dosa, musamman wajen kuzari da son aiki, amma wanda ya ɗauki kare don sunan da ke jikin allo ya yi cinikin biri a sama.

Halin da kare ke nunawa a keji ma ba shi ne halinsa ba. Ƙarar haushi a irin waɗannan gidaje takan wuce desibel 100, kusan kamar ka tsaya kusa da injin niƙa. An auna sinadarin damuwa mai suna kotizol a jininsu, aka ga ya fi hawa a kwana ukun farko. Wani ya koma lungu ya yi tsit, wani ya yi ta dirkar ƙofa. Da aka gwada ba mutane aron karnukan su kwana ɗaya ko biyu a gida, sai sinadarin ya sauka, suka yi barci mai nauyi, da aka dawo da su ya koma inda yake.

A Sikotland an taɓa kunna wa karnukan gidan riƙo kaɗe-kaɗe iri-iri a 2017, masanan Jami'ar Glasgow suna auna bugun zuciyarsu. Kiɗan rege yana cikin biyun da suka fi kwantar musu da hankali.

Minti nawa kuke jin mutum ke yi da kare kafin ya yanke shawarar zama da shi shekara goma ko sha biyar? Wani bincike a Florida a 2014 ya ce kimanin minti 8. Karen da ya kwanta kusa da baƙon, ya kuma amsa tayin wasa, shi ake tafiya da shi. Wanda ya yi biris ya koma keji. Ni dai ko buhun masara ba na saye a minti 8.

Su ma gidajen ba sa sakin kare haka nan. Za a ba ka takarda ka cike: gidan naka ne ko haya, mai gidan ya yarda, akwai katanga, awa nawa karen zai zauna shi kaɗai, akwai yara, akwai mage? Wasu har gida suke biyo ka su duba. Binciken da ake yi wa mai neman kare a can ya kusa kamo wanda ake yi wa mai neman aure a nan. Kuɗin da za ka biya kuma na allura ne da fiɗiya da wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa a ƙarƙashin fatar wuya, tsakanin kafaɗu. Ba ta da batir, ba ta nuna inda kare yake. Lamba ce kawai mai alƙaluma 15, in an ɗora na'urar karantawa sai ta fito, a duba rajista a kira mai shi. Tun 6 ga Afrilu 2016 ta zama dole a Ingila da Sikotland da Wales. Karen da hukuma ta tsinta a can kwana 7 ake jiran mai shi, in bai zo ba a nema masa wani gida.

Masu wannan aiki suna da wani lissafi da suke ba sabon mai riƙo: uku, uku, uku. Kwana 3 na ɗari-ɗari, wataƙila ko abinci ba zai ci ba. Mako 3 kafin ya gane tsarin gidan, kuma a nan ne ainihin halinsa ke fitowa. Wata 3 kafin ya saki jiki ya san ya zo gida. Lissafin gogewa ne, kowane kare da nasa saurin. Amfaninsa shi ne kada mutum ya ruɗu da ladabin makon farko. Amarya ma ai ba ta nuna hali ranar buɗar kai.

Yanzu ga inda labarin ya juya. Shin ko kun san akwai mutanen da ke bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, suna neman ainihin karen da kowa ya ce ba ya so? Su mai natsuwa ba ya gabansu. Sukan shiga da ƙwallo a hannu, suna buga ta a ƙasa suna wucewa ta gaban kejina. Karen da ya manta da duniya, ya kafe ƙwallon da ido, jikinsa na rawa, shi ne nasu. Sai su jefa ta cikin ciyawa ko kan tarin katako su ga ko zai haƙura. Wanda ba ya haƙura shi ake sa wa hannu.

Wata malamar makaranta mai ritaya, Wilma Melville, ita ta buɗe wannan hanya sosai. Ranar 19 ga Afrilu 1995 aka tayar da bam a wani ginin gwamnati a birnin Oklahoma, mutum 168 suka mutu. Ta je da karyarta neman waɗanda gini ya danne, ta tarar duk faɗin Amurka ƙwararrun tawagogin kare da mai kula da shi na irin wannan aiki 15 ne kawai. A 1996 ta kafa gidauniya a Kalifoniya da burin horar da tawaga 168, ɗaya a madadin kowane mamaci. Daga gidajen riƙo take ɗebo karnukanta, a horar da su, a ba 'yan kwana-kwana kyauta. Sun yi aiki a New York bayan harin 11 ga Satumba 2001, sun je Haiti a girgizar ƙasar 2010, Japan a 2011, Nepal a 2015. Shi karen bai san ceton rai yake yi ba. A wajensa wasan ɓuya ne, kuma in ya gano mutum za a ba shi abin ja-in-ja. Naci ɗin nan da ya sa aka kore shi daga gida, shi ke hana shi tsayawa a kan tarin siminti da rodi.

Sirrin yana hanci. Mutum yana da ƙwayoyin jin ƙamshi kimanin miliyan 6, wasu karnukan kuwa sukan kai miliyan 300. Shi ya sa masu horarwa ke cewa a bar kare ya shinshina in an fita da shi, a daina fizgar igiya. Gindin bishiya da kusurwar katanga su ne jaridarsa, a nan yake sanin wa ya wuce, yaushe, kuma a wane hali. A watsa masa abincinsa cikin ciyawa ya neme shi da hanci, zai gaji fiye da wanda aka miƙa wa a kwano. Gudu kaɗai ba ya maganin mai kuzari, ƙara masa ƙarfi ma yake yi, gobe ya nemi ninki. Likitocin dabbobi kuma suna gargaɗin kada a tilasta wa ƙaramin kare dogon gudu, don ƙasusuwan manyan jinsi ba sa gama ƙwari sai sun kai shekara 1 zuwa shekara 1 da rabi.

Kun taɓa jin karen da sana'arsa neman kashi a teku? Tucker ke nan, wani baƙin kare da aka tsinta a titunan Seattle, shirin Jami'ar Washington na karnukan kare muhalli ya ɗauke shi. A zamanin aikinsa yakan tsaya a goshin jirgin ruwa yana shaƙar iska, ya nuna wa matuƙi inda kashin orka yake, wato ƙatuwar dabbar tekun nan mai fari da baƙi, dangin dolfin. Daga nisan fiye da kilomita 1 yake jiyo shi, kuma dole a yi sauri kafin ya nutse. Da kashin ne masana ke gane ko dabbar tana jin yunwa, ko tana da ciki, ko ta sha guba. Shi kuwa gwanin, tsoron ruwa yake yi.

A Ostareliya akwai wani kare, Bear, mai shuɗayen idanu, wanda masu shi suka sallama don ya hana su sakat a ɗan gidansu. Jami'ar Sunshine Coast ta koya masa ƙamshin gashin dabbar nan kowala. Da gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta cinye ƙasar, aka sa masa takalma don kada toka ta ƙona shi, ya taimaka aka gano kowala sama da 100 da suka jikkata ko suka rasa abinci.

Amma duk a cikinsu babu kamar Ruby. A jihar Rhode Island ta Amurka take, ruwa biyu ce ta karnukan kiwon tumaki. Sau 5 ana ɗaukarta, sau 5 ana dawo da ita: ba ta zama, ba ta ji, tana cafkar hannu. Aka yanke shawarar yi mata allurar mutuwa. Wata mata mai aikin sa kai a gidan ta dage cewa wannan karya ba muguwa ba ce, aiki ta rasa, ta roƙa a tuntuɓi 'yan sandan jiha. Ana saura 'yan awoyi aka zo aka tafi da ita, a 2011 aka haɗa ta da wani ɗan sanda mai suna Daniel O'Neil, wanda shi ma ya sha wuyarta kafin ta miƙe. A watan Oktoba na 2017 wani saurayi ya ɓata a daji, aka yi awa 36 ana nema. Ruby ce ta gano shi a ƙasan wani kwari, ya faɗo ya ji ciwo, ba ya cikin hayyacinsa. Rediyon ɗan sandan bai iya kwatanta wa masu agaji wurin ba, haushinta suka bi. Da ya je ya shaida wa uwar yaron an ga ɗanta da rai, sai ga shi matar nan ce ta gidan dabbobi. Netflix ta yi fim a kan labarin a 2022, a shekarar kuma Ruby ta mutu tana da shekara 11.

Sararin samaniya ma, a cikin karnuka, 'yan titi ne suka fara leƙa shi. Laika, wadda Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 3 ga Nuwamba 1957, a titin Mosko aka kamo ta, don masanan sun ce wanda ya saba da sanyi da yunwa zai fi juriya. Ba ta dawo ba. Belka da Strelka sun je a 1960 sun dawo lafiya, har shugaban Sobiyat Khrushchev ya aika wa iyalin Shugaba Kennedy na Amurka 'yar Strelka kyauta.

Kada dai a ɗauka kowane labari haka yake ƙarewa da daɗi. Major, karen da iyalin Joe Biden suka ɗauko daga wani gidan riƙo a Delaware a 2018, shi ne na farko daga irin wannan gida da ya zauna a Fadar White House, a Janairun 2021. Cikin watan Maris ya yi cizo sau biyu, kafin shekara ta ƙare an mayar da shi wurin abokan iyalin inda babu hayaniya. Masu cewa ai dama ɗan tsintuwa ne sai suka yi shiru, don Commander da ya gaje shi, wanda tun yana kwikwiyo aka kawo shi kyauta, ya fi shi cizo nesa ba kusa ba, shi ma aka fitar da shi a 2023. Gidan da baƙin fuskoki ke shiga da fita dare da rana bai dace da kare mai jinin gadi ba, ko da na shugaban ƙasa ne.

Ko kun san a wasu wurare doka ce ke tilasta fita da kare? A 2005 birnin Turin na Italiya ya ce sau 3 a rana, ko tarar da ta kai Yuro 500. A Suwidin ƙa'ida ta ce kada a wuce awa 6 da rana ba a fitar da shi ba. Italiya ta haramta kashe lafiyayyun karnukan titi tun 1991. Jamus tana karɓar harajin kare, amma wasu biranenta, har da Berlin, sukan ɗage shi na wani lokaci ga wanda ya ɗauko nasa daga gidan riƙo. Kalifoniya kuma tun Janairun 2019 ta hana shagunan dabbobi sayar da kwikwiyon da aka samo daga masu kiwon kasuwa.

Cakulan, inabi, zabibi da albasa duk guba ne ga kare. Kuma ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, saboda haka gudu da tsakar rana na iya kashe shi.

A wajenmu fa? Bahaushe bai taɓa ajiye kare don ado ba. Farauta ce, ko gadi, ko rakiyar garke, kuma su ne dalilan da shari'a ta halatta. Ku dubi karen maharbi da rani, ko wanda ke bin shanun Fulani: ramamme ne, amma ba za ka ji an ce ya tauna tabarma don zaman banza ba, kafin ya dawo gida ya gaji tilis. Da aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, ai yabon ƙuruciya da zafin nama ne aka yi, abin da Bature ke biyan kuɗi a raba shi da shi. Dogon karen nan siriri na Buzaye, Azawak, wanda ya samo suna daga kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, sai a 2019 babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka ta shigar da shi littafinta, yanzu da tsada ake sayensa a can.

Inda muka fara kwaso ciwon Turawa shi ne birni. Mai hali ya sayo ƙaton kare ɗan waje don tsoron ɓarayi, ya sa a keji bayan gida ko ya ɗaure da sarƙa mai taku uku, ba ya ganin kowa sai yaron da ke miƙa masa ƙanzo. Wata da watanni a haka. Ranar da sarƙa ta tsinke, wanda ya fara cin karo da shi, ɗan gida ne ko almajiri, shi zai biya bashin.

Shin ko kun san ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne? Da zarar alamu sun bayyana, sai dai wani ikon Allah. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari riga-kafi, cutar takan yanke. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana yin allurar. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.

Mai kare a gida, yaushe rabonka da ka kwance shi ka zaga da shi bayan gari? Gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ka sa masa igiya ku fita, ku biya ta asibitin dabbobi a yi masa allurar bana.